Abin da Lassina Ya Faɗa a Bakin Layi

Dramane Sanou mai walda ne a unguwar Sarfalao, amma a garin Bobo ba da walda aka san shi ba. In ka ce Dramane mai usur, ko matan da ke soya ayaba a ƙofar filin wasa sun san wanda kake nufi. Shekara goma sha ɗaya yana alƙalancin ƙwallo a gasar yanki, kuma a tsawon shekarun nan da wuya ka ga wasan da ya busa ba Lassina Sidibé ne riƙe da tuta a bakin layi ba.

Shi Lassina kantin maganin dabbobi gare shi a bayan babbar kasuwa. Bafillace ne, Dramane kuwa ɗan ƙabilar Bobo, saboda haka abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Ba sa gaisawa sai da zagi. Dramane ya kira shi ɓarawon shanu mai ƙafar kara, Lassina ya ce masa bawana, mashayin burkutu, ko da yake Dramane bai taɓa kai ta bakinsa ba. A kan babur ɗaya suke zuwa wasa, a kwano ɗaya suke cin acheke, wato dambun rogo, da kifi bayan an tashi. Da Korotimi matar Dramane ta haifi ɗansu na biyu, sunan Lassina aka sa masa.

Tare suka koyi aikin a hannun wani tsohon alƙalin wasa da kowa ke kira Koro Tiemoko. Tsohon yakan ce ƙetar da aka yi da duka ko makaho ya ji ƙararta, amma inda ake gane alƙali shi ne wasa mai haɗari, wanda ba a taɓa kowa ba. Sai ya jefa ƙwallo sama ya ce su dubi tsayinta. In tana inda kai ke da hakkin zuwa, mutum ya ɗaga takalmi kusa da fuskar wani, laifin ƙafa ne. In kuwa tana ƙasa inda ƙafa ke da hakki, wani ya cusa kansa wurin, to shi ya jefa kansa a haɗari, laifin kai ne. Bugun tazara ake bayarwa, irin wanda alƙali ke ɗaga hannu sama har sai wani ya taɓa ƙwallon. Idan takalmi ya sami mutum kuwa, magana ta canza, sai a auna ƙarfin da aka sa a san katin da za a zaro. Kullum yakan ƙare da cewa abin da ba ka gani ba kada ka yi masa canke, ka tambayi wanda ya gani.

A shekarar da abin ya faru, an ba yankinsu gurbin mutum ɗaya a jerin alƙalan wasa na ƙasa. Wanda ya cika talatin da biyar ba a ɗaukarsa, Dramane kuwa saura wata bakwai ya cika. Lassina ya girme shi da baki ne kawai, a shekaru ƙaninsa ne da ɗaya, kuma shi ma ya fara busa wasanni a tsakiya. Sunansu biyu ke yawo a bakin mutane, da na wani ɗan Banfora. Su dai sun mai da abin raha. Lassina yakan ce in aka ɗauki Bobo sai an saya masa usur mai girman akushi, Dramane ya ce in aka ɗauki Bafillace iska za ta kwashe shi kafin hutun rabin lokaci.

Wasan ƙarshe na gasar ya faɗo a lokacin mangwaro, tsakanin 'yan Orodara da 'yan Hunde, a filin Bobo. Wanda ya yi nasara zai hau rukuni na biyu na ƙasa, in aka tashi kunnen doki kuwa Hunde ce za ta hau. Aka ba Dramane usur, Lassina ya riƙe tuta ta ɓangaren rumfar 'yan kallo. 'Yan Orodara sun zo cike da manyan motoci huɗu, da gangunansu da balafon, abin kiɗansu na katako.

Har minti na tamanin da bakwai ɗaya da ɗaya ake. Orodara ta sami bugun kusurwa. Mai tsaron gidan Hunde ya naushe ƙwallon, ba ta yi nisa ba ta faɗo cikin cunkoso, ta yi tsalle ɗaya. Dramane na tsaye inda ya saba tsayawa, amma manyan 'yan baya biyu suka ja da baya suka rufe masa ido. Ya ji ƙarar bugu. Da suka matsa, abin da ya gani shi ne ƙafar Zoumana, ɗan gaban Orodara, tana saukowa ƙasa, Issouf ɗan bayan Hunde kwance riƙe da fuska, ƙwallo kuma cikin raga.

Fili ya ruɗe. 'Yan Hunde suka yo kansa suna nuna fuska, suna ɗaga ƙafa sama don su kwatanta. Ya kore su da hannu, ya duba Issouf bai ga jini ba, sannan ya ruga bakin layi. Lassina bai ɗaga tuta ba, bai kuma ruga tsakiyar fili ba kamar yadda mai tuta ke yi in ƙwallo ta shiga lafiya. Yana tsaye ƙiƙam. Da Dramane ya iso, sai ya sa tafin hannu ya kare bakinsa.

"Ban gani ba, sun tare ni," in ji Dramane. "Me ya faru?"

"Ƙafa ta yi sama, Bobo. Har fuska."

"Ta same shi?"

"Ba ta same shi ba, saura ƙiris. Soke ta."

"Da idonka ka gani?"

"Da idona."

Dramane ya juya, ya busa, ya nuna wurin da abin ya faru, ya ɗaga hannu sama. Abin da ya biyo baya bai tsaya masa a kai daki-daki ba. Ya dai san an ƙarasa mintocin da suka rage cikin ruwan ledojin ruwa da ƙwallon mangwaro, ya san Zoumana ya durƙusa a gabansa yana rantsuwa da kabarin uwarsa, ya kuma san 'yan sanda ne suka yi musu zobe har ɗakin canza kaya. A hanya wani dutse ya fasa masa kunne. Lassina ne ya wanke ciwon ya ɗaure masa, yana cewa daidai suka yi, gobe kowa zai huce.

Washegari da hantsi yana shago yana haɗa ƙofar ƙarfe, maƙwabcinsa mai faci ya miƙo masa waya. Wani ɗan kallo ne ya ɗauki hoton bidiyo daga bayan raga, kuma kafin azahar babu wayar da bai shiga ba a Bobo. Dramane ya cire gilashin walda ya kalla sau ɗaya, ya sake, ya sake. Ƙwallon ba ta kai ƙugu ba. Ƙafar Zoumana ba ta wuce ɗamararsa ba. Issouf ne ya yi sufa da kai ƙasa kamar mai shiga ruwa, ya ga takalmi ya kauce, ya faɗi ya kama fuska. In ma akwai laifi nasa ne, ƙwallo kuwa halattacciya ce tas.

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Amma ko kaɗan bai ji haushin Lassina ba. Ya san yadda ido ke yaudarar mutum daga bakin layi: ka ga kai da takalmi sun haɗu wuri ɗaya, ba ka san wanne ya je wurin wani ba. Ya kira shi a waya. Muryar Lassina a dashe take, ya ce ya gani shi ma, tun safe ko ruwa bai iya sha ba. Dramane ya ce masa ya kwantar da hankali, wanda ke aiki shi ke kuskure. Za su faɗi yadda aka yi, hukuncin da aka yanke su ɗauka tare. Lassina ya ce haka za a yi.

A rahoton da ya rubuta wa kwamitin alƙalan wasa, Dramane ya faɗi gaskiya, har ya sassauta. Ya ce an tare masa gani, ya tambayi mataimakinsa, mataimakin ya ga kamar ƙafa ta yi sama, amma hukunci nasa ne shi mai usur. Kwana goma da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. A rediyo ana ta cewa an saye shi. Wani ya zo ya karɓe aikin taga da ya ba shi tun ba a gama ba. Korotimi ta daina zuwa babbar kasuwa, saboda masu mangwaron wurin rabi 'yan Orodara ne. Lassina bai leƙo ba ko sau ɗaya, ya ce wai annoba ta shiga garken wani mai shanu a wajen gari. Dramane ya yarda.

Ranar wata Asabar da safe kwamitin ya zauna a wani ɗaki a saman bene, mutum biyar a bayan dogon tebur, Koro Tiemoko a gefe a matsayin dattijo mai ba da shawara. Aka kunna bidiyon a bango. Dramane ya maimaita abin da ya rubuta. Sai aka kira Lassina, ya shigo cikin farar riga, ya gai da kowa, ya zauna kujera biyu tsakaninsa da Dramane. Shugaban kwamitin ya tambaye shi abin da ya faɗa a bakin layi.

"Ce masa na yi ban ga laifi ba," in ji Lassina. "Na ce a wurina ƙwallo ta shiga. Ya ce shi ya ga ƙafa a sama, ya riga ya yanke."

Dramane ya waiga ya dube shi. Da farko ya ɗauka wasan nasu ne na kullum, yana jira ya ga gefen bakinsa ya motsa. Lassina ya kafa ido a kan kwalbar ruwan da ke tebur. Kunnen da aka fasa ya fara yi wa Dramane zugi.

"Lassina," ya ce a hankali, "dube ni ka sake faɗa."

Shugaban ya ce ba a magana sai ta wurinsa. Ya sa aka mai da bidiyon baya, ya nuna da biro. Ga mai tuta nan, tutarsa a ƙasa tun daga farko har ƙarshe. In da ya ga wasa mai haɗari, me ya hana shi ɗagawa? Ga hannunsa a kan baki, babu mai iya karanta leɓɓansa. Ya tambayi Dramane ko yana da shaida. Dramane ya ce shaidarsa Allah ne da mutumin da ke zaune can. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya yi gyaran murya ya duƙa yana rubutu. Koro Tiemoko ya dafa sandarsa da hannu biyu yana kallon ƙasa.

Kafin la'asar hukunci ya fito. An dakatar da Dramane shekara guda, wata shida don soke halattacciyar ƙwallo, wata shida don ɗora wa abokin aikinsa laifi a rubuce. Sakamakon wasa ya tsaya yadda yake, don doka ba ta ba da damar sakewa ba. Mako biyu bayan haka sunan Lassina Sidibé ya tafi Wagadugu, babban birni, don cike gurbin nan.

Wata shidan farko bai dami Dramane ba, ya san ya ci su. Na biyun ne ya tsaya masa a rai. Da ya gaya wa Korotimi, ta ajiye muciyar da take tuƙa tuwo, ta ce daga yau ba za ta ƙara kiran ɗanta da sunan nan ba. Ya ce yaro bai yi laifi ba. Ta ce ta sani, amma bakinta ne, ita ke da iko da shi. Tun daga ranar Baba Ƙarami take ce masa.

Ya yi kwana uku yana juya abin, a na huɗu ya hau babur ya tafi kantin maganin dabbobi da rana tsaka, lokacin da ba ciniki. Lassina na jera kwalabe. Da ya gan shi ya buɗe baki zai yi zagin da aka saba, sai kalmar ta mutu masa a baki. Ya jawo benci, Dramane bai zauna ba.

Lassina bai yi musu ba. Ya yi ta magana da sauri, kamar wanda ya daɗe yana shirya ta. Ya ce wallahi a lokacin ƙafar a sama ya gan ta, bai ɗaga tuta ba ne don gabansa ya faɗi da ihun mutane. Ya ce da ya ga bidiyon ya san Dramane ya riga ya faɗi, tunda usur a bakinsa take, babu abin da zai cece shi. Da ya amsa nasa laifin, su biyu za su nutse, gurbi ya tafi Banfora, wa ya ci riba? Ya ce in ya zauna da gindinsa a sama zai jawo shi, zai yi magana da manya.

"Watan Nuwamba zan cika talatin da biyar," in ji Dramane. "Kai ka fi kowa sani."

Lassina ya koma jera kwalabensa, Dramane ya ci gaba.

"Gurbin ka riƙe, na bar maka. Kwamiti ma kada ka koma. Abu ɗaya nake so. Mu je gaban Koro Tiemoko, mu uku kawai, ka ce masa ban yi maka ƙarya ba."

Lassina ya ɗauki wata kwalba ya juya ta yana karanta takardar jikinta. Ya ce tsohon ba ya riƙe magana, in ya ji, gari ya ji. Ya ce a bari ƙura ta lafa tukuna. Dramane ya tsaya har wani mai akuya ya shigo neman maganin tsutsa, sannan ya fita.

Ashe tsohon bai buƙaci a gaya masa ba. Shi da kansa ya sa aka kawo shi shagon walda bayan sallar Juma'a. Ya ce ya koyar da su tun ba su da gemu, ya san wanda in ya yi ƙarya yake kallon kwalba. Amma kwamiti da abin da ido ya gani yake aiki, shi kuma ba shi da ƙuri'a. Bai bar Dramane haka ba, ya ce masa shi ma ya yi sake: alƙalin da ya ga manyan 'yan baya na ja da baya, taku biyu zuwa hagu ya ishe shi ya ga komai. Dramane ya ce haka ne. Daga nan tsohon ya kawo maganar da ta kawo shi, cewa Bobo da Bafillace ba sa gaba, kakanni sun hana, zai tara su a sha shayi a wuce wurin.

"Koro, ba gaba nake da shi ba," in ji Dramane. "In ya gaishe ni zan amsa. Wasan ne ya ƙare a bakina, in na nemo shi ba na samu."

Tsohon ya gyaɗa kai, bai ƙara tayar da zancen ba.

Da damina ta kankama, Dramane ya hau mota ya tafi Orodara shi kaɗai, Korotimi na ta roƙonsa kada ya je. Ya tambayi gidan su Zoumana, aka nuna masa gonar mangwaron ubansa a bayan gari. Ya same shi yana sassabe a ƙarƙashin itatuwa. Ƙungiyarsu ta watse bayan wasan nan, wani kulob na babban birni da ya zo kallonsa bai sake kira ba. Zoumana ya gane shi tun daga nesa, ya tsaya riƙe da adda bai ce sannu ba.

Dramane ya ce masa ƙwallon da ya ci mai kyau ce, ƙafarsa ba ta yi laifi ba, shi ne ya soke ta bisa kuskure, ya zo ne ya faɗa masa baki da baki. Bai ambaci sunan kowa ba. Zoumana ya ce Issouf ma ya kira shi ya ba shi haƙuri, kowa na ba shi haƙuri, amma har yau ba a ga haƙuri ya shiga raga ba. Ya ce ya dai ji, kuma a cikin duk alƙalan wasa masu baƙaƙen kaya shi kaɗai ya tako. Ya ɗebo masa ruwa a randa ya sha, ya raka shi har bakin hanya, amma bai miƙa masa hannu ba.

Da shekara ta cika aka mai do masa da usur. Ya ƙara busa gasar yanki kaka biyu. Masu tuta da suka yi aiki da shi suka ce ya zama mai wuyar sha'ani: ba ya zuwa bakin layi tambaya, sai dai ya yi ta gudu yana kutsawa cikin 'yan wasa don ya ga komai da kansa. Gwiwarsa ta hagu ba ta jure ba, ya ajiye aikin yana da talatin da takwas, ya koma wa waldarsa gaba ɗaya.

Lassina ya yi gaba. Ana ganinsa a talabijin yana busa manyan wasanni, kuma masu sharhi na yabonsa, don ba laifi ya iya aikin. Ya mai da iyalinsa Wagadugu, ya bar wa ƙaninsa kantin. Duk babbar sallah yakan aiko da cinyar rago gidan Dramane, da gaisuwa ga takwaransa. Korotimi takan karɓa ta ce an gode, ta yanka ta kashi-kashi ta raba wa maƙwabta. Dramane ya san ana haka, bai taɓa hana ta ba, bai kuma taɓa cewa a mayar ba.